Wa Ya Riga Wa Zuwa Dakoro?

Ku saki fuskokin nan tukuna, ai ban fara ba. Na san halinku sarai. Da zarar an ce mutum ya kwashe iyali da komatsai ya koma Dakoro da zama, sai ku sassauta murya, ku langaɓe kai, ku ce, "Allah sarki, Allah ya sa kaffara ce." Jama'a, babu wanda ya rasu. Gari na sauya.

Masu yi mini jajen ma ba bakinsu ɗaya ba. Bakano ya tambaye ni ko ana hango Agadas daga ƙofar gidana. Na yafe masa, shi duk abin da ya wuce Jibiya rairayi ne da raƙuma. Mutumin Yamai so yake ya ji wutsiyar wa na taka a wurin aiki, don a lissafinsa ba a tura ma'aikaci arewacin Maraɗi sai da dalili. 'Yan'uwana na Dogon Dutsi, inda aka yanke cibiyata, har yau in mun yi waya tambayarsu ɗaya ce: "Yaushe za a sako ka?" Amma wanda ba zan ƙyale ba shi ne ɗan Maraɗi. Tsakaninsa da mu kilomita 120 ne ko kusa da haka, kuma kwalta ce, ta Tsibiri da Sabon Mashi da Kornaka. Ragon layyarsa daga kasuwanninmu ya fito, cukun da yake shan shayi da shi namu ne. Amma ka ce masa ya zo ya kwana biyu, sai ya shiga neman gafarar iyaye yana barin wasiyya.

To matso kusa, ɗan Maraɗi, mu yi 'yar ƙidayar kakanni. Kai da kake yi wa mai ƙaura kallon marar galihu, daga ina aka ɗauko ka? Katsinawa ne ku. Jihadi ya tashe ku daga birnin Katsina a 1807, sarakunanku suka yi ta yawo da sarauta a hannu kafin su sami wurin ajiye ta a bakin gulbi. Nan ɗin ma ba ku zauna daram ba, domin ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka hauro tudu aka shata sababbin unguwanni. Wanda garinsa kacokan ya taɓa naɗe tabarma ya guje wa ruwa, shi ne yau yake yi mini dariya don na bi hanya da katifa a kan mota.

Bagobiri, na ga tsagen kumatunka na motsi, dariya kake yi wa Bakatsine. Riƙe ta. Ai kai ne sarkin masu ƙaura. Daga Azbin kuka gangaro, kuka yada zango a Birnin Lalle, ga ta nan kusa da mu, cikin wannan gunduma. Daga baya kuka ƙara gaba har Alƙalawa, ita ma ta faɗi a 1808, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuka sami Tsibiri kuka huta. Da ana ba da lambar yabo ta ɗaure kaya da kwance kaya, da babu mai ja da ku.

Shi kansa Dakoro yaro ne a cikin garuruwa. A 1947 Turawan Faransa suka kafa mazaunin mulki a nan, kuma akwai tsofaffi da ransu da suka girmi wannan bariki. Ƙauyukan da ke kewaye da shi yawancinsu manoma ne suka kafa su, waɗanda suka yi ta haurowa daga kudu lokacin da gonaki suka yi wa mutane kaɗan, wasu kuma suna nesanta kansu da haraji da aikin tilas na Nasara. Mutum ya sami daji, ya haƙa rijiya, ya kafa bukka, ƙannensa su biyo sawu, kafin ka ankara wurin ya zama Gidan Wane. Haurowar ta yi yawa har gwamnatin Diori Hamani ta yi doka ranar 26 ga Mayun 1961, ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, kada a kafa gona. A yankinmu kwarin Tarka ake nunawa in ana maganar wannan iyaka. Ku zo da damina ku ga irin biyayyar da gero ya yi wa dokar. Ya tsallake layin tun tuni, yana can yana fid da kai inda takarda ta ce shanu kaɗai ke da izini.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 70,000 a ƙaramar hukumar Dakoro. Daga ƙasa suka tsiro? Duk wanda ya kira ni baƙo a garin nan, tambaya uku nake yi masa: ina aka haife ka, babanka fa, kakanka fa. Kafin mu kai ta uku mun isa Tsibiri, ko Tasawa, ko Adar, ko kuma muna bin bayan garke. Bafulatani da Buzu sukan ce sun riga kowa, kuma a kan ciyawa da rijiyoyin daji ba na ja da su, amma su ma tafe suke suka ga wuri ya yi musu. Dukanmu zuwa muka yi. Rigaye ne kawai, wani da hantsi, wani da la'asar.

Na ji wata murya daga bayan taro: "Malam, tarihi ba ya cika randa." Gaskiyarki, Hajiya, kuma ba zan yi miki ƙarya don in ci gardama ba. Ruwa a ƙasar nan yana da daraja. Damina gajera ce, ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, wata shekarar ma ko kusa ba ya zuwa. Fita ƙauye ki ga rijiya. Ba a ja da hannu, sai an ɗaura igiya a jikin jaki ko sa ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya, sannan a ƙwala masa kira ya juyo. A cikin gari akwai famfo, akwai masu amalanke da jarkoki, amma matar da ta saba wanke tsakar gida da bokiti uku za ta koyi lissafi ko ba ta yi lakwal ba. Mutanen nan sun ga yunwar 1973, sun ga ta 1984 da ake kira El Buhari, sun ga ta 2005. In tsohuwa ta harare ki don kin watsar da ruwan wankin shinkafa maimakon ki ba akuya, kada ki ce rowa ce. Ta tuna abin da ke ba ki gani ba.

Zafi kuwa ba sai na yi masa kwalliya ba. Afrilu da Mayu ma'auni na haura 40, ɗaki ya koma wurin ajiyar kaya, kowa ya fito da shimfiɗarsa tsakar gida, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Da hunturu iska ta zuba maka rairayi a tuwo ba ta nemi izini ba. Sai ƙarangiya. Wanda bai san ta ba zai ratsa fili da sabuwar shadda yana taƙama, ya fito ƙafar wando ta yi nauyi, ya sa yatsa zai cire ta koma yatsan. Yaran unguwa na gefe suna kallo. Ba za su ce komai ba, sun dai gane an yi sabon zuwa.

Duk wannan na amsa. Amma ku nuna mini mutum ɗaya da ƙarangiya ta kora daga gari. Waɗanda na ga sun tattara sun koma, yawanci tun daga tasha suka ɓata rawarsu da tsalle: sun sauka ba su da mai masauki, suna ganin kuɗin haya ya isa ya buɗe musu kowace ƙofa. Ai da ɗan gari akan ci gari. Mai masauki shi zai gaya maka wane gida ne ke shan ruwa da damina, wane mai gida ne zai ƙara maka haya ranar da ya ga ka sayi babur, wace mai hura ce ba ta surka nono da ruwa. Shi zai sa ka gaba, da ɗan goronka a aljihu, ya kai ka wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙonmu, mushen lakwal ne, malamin makaranta, a gidan wane ya sauka." Daga nan sai wurin liman. Gaisuwar ba ta cin rabin sa'a, kuma babu dokar da ta wajabta ta. Amma ranar da tunkiyarka ta ɓata, ko ɗanka ya fasa wa ɗan wani kai, za ka ji bambancin "baƙon wane ne" da "wani mutum ne da ke haya can".

Masu zuwa da kuɗi a ƙugu suna neman gona kuma, ku bi a hankali. Filin da kuka gani shimfiɗe babu kowa yana da masu shi, sun tafi kiwo ne. Wani burtali ne, wani makiyaya, wani hurumin rijiya. Tun 1993 ƙasar nan take da kundin dokokin karkara, a ƙarƙashinsa kuma akwai kwamitocin filaye da ake kira kofo, daga gunduma har ƙauye, inda ake rubuta ciniki a gaban shaidu. Wanda ya sayi fili a bakin mutum ɗaya da daddare don an yi masa rahusa, ranar da garke ya dawo daga arewa bayan damina zai san hanya ya saya.

Har yanzu ina ganin masu girgiza kai, wai nisan ne abin tsoro, wai wanda ya girma a yamma ba zai iya zaman arewa ba. To bari in kira muku shaidu masu dogon wuya. Arewa da mu akwai gandun dajin Gadabeji, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955. Da a ƙarƙashin Dakoro yake, sai da aka yanke Bermo ta zama gunduma a 2011 ya koma can, amma maƙwabci ai maƙwabci ne. A da akwai raƙuman dawa a wurin, fari da mafarauta suka ƙarar da su, aka yi kusan shekara 50 babu ko ɗaya. Ragowar irinsu na Afirka ta Yamma a lokacin duk suna yankin Kure, kusa da Yamai, inda a 1996 suka rage 49 kacal, kafin a tsare su su hayayyafa su haura 600.

A watan Nuwamban 2018 aka zaɓi takwas daga cikinsu, matasa, za a yi musu ƙaura. Ba a kama su yau aka loda gobe ba. Sai da aka killace su makonni uku suna sabawa da shinge da motsin mutane, sannan aka ɗora su a manyan motoci, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 cikin kwana biyu, kawunansu a sama suna kallon ƙauyuka, ƙauyuka na kallonsu. Kafin su iso an riga an zaga wurin mutanen yankin an gaya musu baƙi na tafe. Kun ji ko? Har raƙumin dawa sai da aka nema masa mai masauki. A 2022 aka ƙaro huɗu. Kuma sun haihu a can.

Ku duba lamarin da kyau. Dabbobin nan daga ƙasar Zabarmawa suka fito, don haka ni a wurina Zabarmawa ne, aka kai su tsakiyar Buzaye abokan wasansu, ga Gobirawa a kudu suna jira da tasu tsokanar. Duk da haka ban ji an ce ko ɗaya ya rubuta takardar neman a mai da shi Yamai ba, ko ya kawo shaidar likita cewa iskar arewa ba ta karɓe shi ba. Sun sami ƙayarsu sun ci, sun sami inuwa sun tsaya. Kai kuma mai digiri, da waya biyu a aljihu, kana gaya mini ba za ka iya ba.

"Raƙumin dawa ba ya bukatar abokin hira," in ji wani. Wannan kam ka faɗi magana, kuma nan nake son mu daɗe. Abin da ya fi wahalar da sabon zuwa a Dakoro shi ne karramawa. E, karramawa na ce. Watannin farko ba ka taɓa zama a ƙasa. Ka doso majalisa a tashi a ba ka kujera ɗaya tilo da ke wurin, sauran suna kan tabarma. Kofin shayi na farko naka ne. Kwanon tuwo na shigowa gidanka daga maƙwabtan da ba ka san sunansu ba. Kowa "mushe" yake ce maka, kuma da ka iso hira ta yi tsit, a koma tambayar gajiya da yaya baƙunta. Sabon zuwa sai ya buga waya gida ya ce ai mutanen nan sun karɓe shi hannu bibbiyu. Bawan Allah, ba a karɓe ka ba tukuna. Duba ka ake yi, cikin ladabi. Kujerar nan da kake jin daɗinta, tazara ce aka auna aka ɗora ka a kai.

Ranar da za ka shiga gari ba ta zuwa da ganga. Za ka iso fada, wato majalisar shayi, ka tarar wani ya mimmiƙe a kujerar, ya dube ka ya ci gaba da maganarsa. Za a turo maka buta da gawayi a ce yau kai ne da shayi, kuma a kushe shi a gabanka. Yaron maƙwabci zai faɗo gida babu sallamar kirki ya ce babansa ya ce a ba shi tsani, tsanin kuma ba zai dawo ba sai ka bi sawu. Takardar gudummawar gyaran masallaci za ta zo da sunanka a ciki, har an rubuta maka adadin da ake ganin ya dace da kai. In aka yi rasuwa da tsakar rana ba za a ce "mushe, zauna a inuwa" ba, diga za a miƙo maka. Da yawa a nan suke karaya, su ce an daina ganin girmansu. Ni kuwa na ce ranar ce ta cancanci a yanka kaza.

Sai kuma zagi. Ku da kuke nesa ba za ku gane daɗin a zage ka a tsakiyar kasuwa ba. Ni Ba'are ne, kuma duk Nijar an san abin da ke tsakanin Arawa da Fulani. Muddin Bafulatanin unguwarmu yana gaishe ni da "ina kwana, mushe", to ni ba kowa ba ne a wurinsa. Da ya binciko asalina sai gaisuwa ta canza. Yanzu daga nesa yake ɗaga sanda: "Kai bawana, wa ya ba ka izinin sa hula a gabana?" Ni kuma in ce ya fara biyan kuɗin inuwar da shanunsa suka sha a ƙofar gidana, tunda kakanninsa ba su taɓa gina ko bango ɗaya ba. A yi dariya, a watse. Amma tun daga lokacin ƙwaryar nono ba ta yanke a gidana ba, kuma da yarona ya kwanta ciwo shi ya riga kowa zuwa dubiya.

Kowa ya san abokin wasansa: Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Babarbare, a Najeriya kuma Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Har UNESCO ta rubuta wannan al'ada a 2014 da sunan Nijar, mu dai ba mu jira takardarsu ba. Mai ƙaura, kafin ka tambayi inda ake sayar da katin waya, tambayi inda abokan wasan ƙabilarka suke zama, ka je ka tsokane su. Sai dai ka tabbatar da asalin mutum tukuna. Wanda ba naka ba ka kira shi bawa, jandarma ne zai raba ku.

Hajiya ta sake ɗaga hannu, kuma na san abin da za ta ce. "Kai namiji ne, ka fita fada, ka je masallaci, ka zaga kasuwa. Ita matar da ka ɗauko daga cikin danginta ka ajiye a ƙuryar gida fa?" Wannan tambaya ta fi duk na mazan nauyi, kuma masu ƙaura da iyali ba su cika yi wa kansu ita ba. Namiji na da wurin aiki da ke ba shi abokai ko bai nema ba. Mace kuwa ta bar uwa da 'yan'uwa da ƙawayen da suka yi wasan ƙasa tare, ta zo inda ko gishiri ya ƙare ba ta san katangar da za ta leƙa ba. In akwai kuka a cikin ƙaura, yawancinsa a ɗakinta ake yinsa, lokacin da maigida ke can yana karɓar kofin shayi na farko.

Amma kada ki raina matan garin nan, Hajiya. Su ba sa dogon nazari irin na maza. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ba ta jira gayyata ba, ta turo ƙofa ta shigo ta ce, "Ina baƙuwar? 'Yata, tashi ki sa mayafi, ana suna a gidan wane." Uwargida ta ce ai ba ta san su ba. Tsohuwa ta ce, "To a ɗaki za ki san su?" Daga suna sai biki, daga biki sai gaisuwar mutuwa, daga nan sai asusu. Ku tuna a wannan jiha ta Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata su taru duk mako su zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, su ranta wa junansu, tsarin da daga baya ƙasashe da yawa suka kwafa. Macen da aka karɓi zubinta, aka kuma yarda aka ba ta rance, ta fi mijinta zama 'yar gari ko da ya fi ta yawan ɗaga hannu a hanya. Yau in muna tafe tare, ni ake nunawa a ce mijin wance ne.

Saura ku mutanen Dakoro, da kuke karanta wannan kuna taɓe baki. Na san abin da ke ranku: "Mun ga irinku da yawa. Daɗin baki ne, da takardar canjin wuri ta fito ko sallama ba za mu samu ba." Ban ga laifinku ba. Kun sha ganin ma'aikacin da ya shekara uku a garinku jakarsa ba ta rabu da bakin ƙofa ba. Iyalinsa na Maraɗi, ranar Juma'a tun kafin a sauko daga masallaci yana tasha, Litinin ya dawo da burodinsa da ruwansa na leda kamar mai tafiya yaƙi. Bai san sunan mai unguwarsa ba, amma ya haddace lambar kowane direba. Irin wannan ko shekara goma ya yi bai zo ba. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, wani lokacin ku kuke riƙe mutum a kan kujera har ya gaji. Karɓar baƙo kam kun iya, babu mai ja. Sauke shi daga baƙunci ne kuke jan ƙafa. Mutum ya binne mahaifiyarsa a maƙabartarku, ya aurar da 'yarsa ga ɗanku, a taron unguwa ya buɗe baki sai wani ya ce, "Bari 'yan gari su fara." Wane ɗan gari? Zo nan in yi maka tambayoyina uku.

Kewar gida tana nan, kada wani ya ce na ce babu. Akwai yammacin da ido ke neman dutsen garinmu ya rasa. Akwai sallar da kuɗin mota ba su kai ba, ka yi ta a waya. Sai dai yara ba sa taya ka wannan kewa. Nawa sun san ranar da kasuwar Sakabal ke ci, sun san sunan kowane irin rago, kuma in mun je Dogon Dutsi hutu kwana kaɗan suke fara tambayar yaushe za mu koma gida. Kakarsu ta ji haka ta dube ni, kallon da har yau ban gama biyan bashinsa ba.

Masu tambayar yaushe za a sako ni, ga amsarku, kuma ku kai ƙarar wurin Bafulatani. Fulanin ƙasar nan suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye: mutum ya ba ka aron dabba mace, ka riƙe ta, ta haihu a hannunka, 'ya'yan su zama naka, sannan ka mai da uwar ga mai ita. Da ita suke tayar da wanda fari ya karkashe wa garke, da ita kuma suke ƙulla zumunci. To ubangidan nan nawa na ƙarya ya jawo wata jar akuya ya ɗaure a turken gidana, wai tausayin bawansa yake ji. Kun san mutumin kirki ba ya barin gari da amanar wani a turke, kuma ba a mai da uwa sai ta haihu. Akuyar nan ta ga bayan dusata, ta cinye littafin lissafin ɗana, ta fara ɗanɗana labulen uwargida, amma ko alamar ciki babu. Na kai ƙorafi, ya dube ta ya dube ni ya ce ai akuya ta fi Ba'are hankali, ba ta haihuwa a gidan da ba ta tabbata mai shi zai zauna ba. Na fara zargin juya ya zaɓo mini da gangan. Wanda ya san maganin haihuwar awaki a cikinku ya aiko mini, amma kada ya aiko ta hannun Bafulatani.